Ɗaki A Kulle, Mabuɗi A Ciki: Yadda Ake Farfaɗo Da Na'urorin Da Ke Riƙe Da Sunayenmu

Duk wanda yake Suki ko Sinja ko Mai Wurno a makon farko na watan Fabrairun 2024 ba zai manta da safiyar da ya ɗaga wayarsa ya ga babu ko sanda ɗaya ta shabaka ba. Da farko mun ɗauka irin ɗaukewar nan ce da muka saba da ita, wadda akan ce bari a sha shayi, kafin a wanke kofi ta dawo. Layukan MTN da Sudani suka fara tafiya a ranar 2 ga wata, jama'a suka koma kan Zain. Bayan 'yan kwanaki shi ma Zain ya bi sahu, ƙasa ta yi tsit.

A lokacin garinmu cike yake da baƙi. Madani ta faɗa hannun dakarun Da'amus Sari'i, waɗanda gidajen rediyo ke kira RSF, a watan Disamban 2023, kuma 'yan'uwanmu na ƙauyukan Jazira sun kwararo kudu, wasu a motocin kaya, wasu a ƙafa. Azuzuwan makarantu sun zama ɗakunan kwana. Mafi yawan waɗannan bayin Allah ba su fito da ko jine ɗaya a aljihu ba. Abin da suke ci yana zuwa ne ta Bankak, wato manhajar nan ta Bankin Kartum: ɗa yana Jidda ko Riyad ya turo, uwa ta nuna wa mai kanti ish'ari a waya, a auna mata dawa da mai. Da shabaka ta tafi, kuɗin yana nan a rubuce a wani wuri, amma babu hanyar isa gare shi. Mun ga dattijon da ke da abin da zai ciyar da gidansa wata uku yana neman bashin mudu ɗaya. A Kartum da Bahri kuwa, takayun da matasan unguwanni ke dafa wa jama'a abinci da gudummawar da ke shigowa ta waya, da yawansu sai da suka sauke tukwane. Ƙungiyoyin agaji sun faɗa a watan Mayun shekarar cewa kusan mutum miliyan 30 ne suka zauna babu waya babu intanet fiye da wata guda.

Wannan duk mun sani, domin a jikinmu ya faru. Abin da ba mu sani ba a lokacin, kuma shi ne dalilin wannan rubutu, shi ne me ya sa dawowar ta yi wuya haka.

Rufe ƙofar ruwa daban, ɗauke madatsar daban

Ba wannan ne karo na farko da aka yanke mana intanet ba. An yanke a watan Yunin 2019, bayan tarwatsa zaman dirshan na gaban hedikwatar soja a Kartum. Wani lauya mai suna Abdul'azim Hasan ya kai ƙara kotu, aka fara maido masa da layinsa shi kaɗai, daga baya kotu ta ba da umurni aka maido wa kowa a ranar 9 ga Yuli. An sake yankewa ranar 25 ga Oktoban 2021, aka maido a watan Nuwamba. A duka lokutan biyu, da aka tashi buɗewa, ba a sha wata wahala ba, saboda na'urorin suna nan lafiya a inda suke, da injiniyoyinsu a gefe. Manomi zai gane wannan da sauri: an rufe bakin abu ishirin ne kawai, ruwa yana nan cike a tur'a.

Na 2024 ba haka yake ba. Dogayen ƙarafan nan na shabaka da muke gani a bakin kasuwa ba su san kowa ba. Aikinsu karɓa da miƙawa. Wurin da aka san cewa wannan layi na wane ne, nawa ya rage masa, kuma ina za a kai kiransa, wasu manyan ɗakuna ne masu sanyi cike da kwamfutoci, kuma ɗakunan nan a Kartum suke, a yankin da ya fita daga hannun gwamnati. Rahotanni sun ɗora alhakin kashe su a kan dakarun Da'amus Sari'i. Da kamfanoni suka rasa hanyar komawa can, dole suka sake gina wata zuciyar a Bur Sudan, garin da wayoyin ƙarƙashin teku suke fitowa, har da waɗanda suka haɗa mu da Jidda. Sudani ya fara dawowa kafin tsakiyar Fabrairu a wasu jihohi, Zain sai farkon Maris. Jazira da Kartum da Darfur suka ci gaba da zama a duhu watanni da yawa, jama'a suna biyan kuɗin awa a gindin farantan Starlink a kasuwanni.

Kafin nan ma an ga irin wannan. Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, kamfanin EBS, wanda ta kansa bankunan ƙasar ke tura wa juna kuɗi, ya tsaya cik, domin shi ma a Kartum yake. Fasfo kuma ba a sake bugawa ba sai ƙarshen watan Agustan 2023, a Bur Sudan. Wata huɗu da rabi mara lafiya mai neman fita Masar yana jiran a sake tayar da wasu na'urori da bai taɓa gani ba.

Gidan haya da sarkin gida

To, mene ne a cikin waɗannan ɗakuna? Mu malaman makaranta ne, ba injiniyoyi ba, amma Allah Ya sa a cikin yaran da muka koyar da su lissafi a aji shida akwai wanda ya zama injiniyan irin waɗannan na'urori. Ya zo gaishe mu a Babbar Sallar 2025, muka tsare shi daga la'asar har bayan isha'i. Abin da zai biyo baya daga bakinsa muka fahimce shi, mun dai sa shi cikin Hausar da muke jin za a gane.

Babbar kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima ana kiranta sabar, wasu kuma suna cewa uwar garke. A da, kowane aiki da tasa sabar: ta albashi daban, ta wasiƙu daban, ta rajistar sunaye daban. Sai aka lura cewa kowacce tana zaune ne mafi yawan lokaci ba ta amfani da ko rubu'in ƙarfinta, alhali tana shan kahraba tana buƙatar sanyi. Dabarar da aka fito da ita ita ce a ɗauki sabar ɗaya mai ƙarfi a yayyanka ta da manhaja, kamar yadda mai babban gida kan yayyanka shi ɗaki-ɗaki ya ba da haya. Kowane ɗaki sai ya zama kwamfuta mai zaman kanta, tana ganin kamar ita kaɗai ce a gidan. Bari mu kira su kwamfutocin haya. Ba ƙarfe ba ne, fayiloli ne a kan faifai, don haka ana iya kwafarsu, ana iya ɗauke ɗaya daga wannan gida a mai da ita wancan ba tare da an kashe ta ba.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Kamfanin IBM na Amurka ya fara ta tun shekarun 1960 a kan manyan injinansa, ya fito da ita kasuwa da sunan VM/370 a 1972. Wanda ya kawo ta kan kwamfutocin da ma'aikatu ke iya saye shi ne kamfanin VMware, wanda aka kafa a 1998, kuma kamfanin Broadcom ya saye shi a watan Nuwamban 2023. Akwai wasu manhajojin masu irin wannan aiki, kamar Proxmox da KVM, waɗanda ba sai an biya lasisi ba. Mu a Sudan ma mun daɗe ba mu da hanyar sayen irin waɗannan kaya kai tsaye, saboda takunkumin da Amurka ta sa mana daga 1997 zuwa Oktoban 2017.

Idan gidajen hayar suka yi yawa, sai a naɗa musu sarkin gida. Wannan wata sabar ce ta musamman, a tsarin VMware sunanta vCenter. Ita ke riƙe da kundin da ya nuna wane ɗan haya yake wane gida, wa aka yarda ya shiga, wace ƙofa kowa zai bi ya fita waje. Idan ta kwanta, 'yan hayar da ke aiki suna ci gaba da aikinsu, kamar yadda azuzuwa ke ci gaba da karatu ranar da mudir ba shi da lafiya. Sai dai babu mai canza jadawali, babu mai raba sababbin wurare. Abin da ya ba mu mamaki, har muka sa ya maimaita, shi ne cewa sarkin gidan nan shi ma ɗan haya ne. Yana zaune a ɗaya daga cikin ɗakunan da yake mulki, kuma ƙofar da yake bi ya fita tana cikin ƙofofin da shi ne ke raba su.

Abin da ya tarar

Yaron namu yana aiki ne a wata cibiya a Jazira, mai riƙe da bayanan ɗalibai da ma'aikata. Ba za mu ambaci sunanta ba. Sabobi uku gare su, da akwatin faifai ɗaya da dukkansu ke ajiya a ciki. A da, kowane dare kwafin ajiya yakan tafi wani ɗaki a Kartum, kuma shugabanninsa suna ganin sun yi rigakafi. Daga Afrilun 2023 wannan hanya ta mutu. Sauran kwafin da ya rage yana cikin akwatin faifan nan, a ɗaki ɗaya da abin da aka kwafa, wato kamar mutum ya ajiye hatsinsa da irin shukarsa a rumbu guda. Shi da kansa, ba wanda ya sa shi, ya sayi ɗan faifai na hannu da kuɗin aljihunsa, yana kwafa a kai lokaci-lokaci. Kwafi na ƙarshe ya yi shi a watan Oktoban 2023.

Ranar da suka gudu a Disamba babu wanda ya tsaya kashe na'urori bisa ƙa'ida. Kahraba ta ɗauke, baturan riƙon ƙwarya suka ɗauka har suka ƙare, komai ya mutu a tsakiyar aiki. Faifan hannun ya zo da shi ƙauyensu a nan kusa da mu, ya ba mahaifiyarsa. Da Sinja ta faɗi a ƙarshen Yunin 2024, Suki ta biyo baya a Yuli, muka watse, tsohuwar ta ƙulle shi cikin ƙunshin zannuwanta ta kai shi Gadarif, ba ta san ko mene ne ba, an dai ce mata kada ya jiƙe. Soja sun dawo Suki a watan Oktoba, suka shiga Madani ranar 11 ga Janairun 2025. Shi kuma ya koma bakin aikinsa wajen watan Maris.

Ya tarar an kwashe batura da wayoyin tagulla da na'urar sanyaya ɗaki. Sabar ɗaya an fasa ta. Biyu suna nan, da akwatin faifan, ƙura ta rufe su. Mako na farko bai kunna komai ba. Shara ya yi, da busa ƙura, da neman farantan hasken rana da janareta, domin ya ce kunna na'ura a kan wutar da ba ta tsaya ba shi ne ƙarasa abin da ya rage. Da ya samu wuta, abu na farko da ya yi shi ne kwafe duk abin da ke cikin akwatin zuwa wasu faifai kafin ya taɓa gyara. A ganinmu wannan shi ne mafi hankali a duk abin da ya ba mu labari. Mai gyara yakan ɓata, kuma wanda ba shi da inda zai koma idan ya ɓata bai kamata ya fara ba.

Sabobin biyu suka tashi. Sarkin gida ya ƙi. Da ya leƙa allonsa ta cikin sabar da yake zaune, sai ya ga ya tsaya a rabin hanya yana kukan cewa faifansa ba daidai yake ba. Dalili kuwa shi ne, kwamfuta ba ta rubuta abu gaba ɗaya lokaci guda. Takan rubuta bayanin a nan, ta rubuta inda ta ajiye shi a can. In wuta ta yanke tsakanin biyun, sai a samu shafi babu lamba, ko lamba babu shafi. Akwai wani umurni mai suna fsck da ke bin faifai yana daidaita irin wannan, ya yi amfani da shi, na'urar ta ƙarasa tashi. Amma kundin da ke cikinta, wanda ke kan manhajar PostgreSQL, ya riga ya yage a inda ba ya ɗinkuwa. Sarkin gida ya farka, amma bai san kowa ba.

Nan faifan tsohuwa ya yi rana. Hanyar ita ce a gina sabon sarkin gida fil, a zuba masa abin da tsohon ya sani daga kwafin ajiya. Sharaɗin shi ne manhajar da za a gina shi da ita ta kasance daidai da bugun da aka yi kwafin da shi. Fayil ɗin yana da nauyi, gigabait da dama, shabakar garin kuwa a lokacin da ƙyar take ɗaukar saƙon murya. Wani abokin karatunsa a Bur Sudan ya sa masa a filashi, ya ba direban bas, ya iso bayan kwana uku.

Ya gina sabon. Ya zo haɗa shi da sauran na'urori, sai hanya ta ƙi. A nan ne ya dube mu ya ce, "Malam, kun tuna ranar da iska ta rufe ofishin mudir, mabuɗi yana kan tebur a ciki?" Mun tuna sarai, domin mu ne muka ɗaga wani siririn yaro ya shiga ta taga.

Bayanin shi ne, kwamfutocin haya ba su da waya ta zahiri da za a soka musu. Suna bin wata mararraba ce da aka zana cikin manhaja. Mararrabar iri biyu ce. Akwai ƙarama wadda kowace sabar ke riƙe da tata, akwai kuma babba ta haɗin gwiwa wadda ta ratsa dukkan sabobin, kuma sarkin gida ne ke tafiyar da ita. A yadda aka saba tsara babbar, duk sabon da ya zo neman ƙofa, sarkin gida ne kaɗai zai ba shi. To ga sabon sarkin gida yana neman ƙofa don ya fara aiki, mai ba da ƙofar kuma shi ne shi. Masu tsarin sun san da wannan tarko, shi ya sa suke ba da shawara a ware wasu ƙofofi na ko-ta-kwana tun ana lafiya, waɗanda sabar za ta iya bayarwa da kanta. A cibiyarsu ba a ware ba. Ya ce ya san da shawarar tun yana sabon ma'aikaci, kullum yana cewa sai an samu hutu.

Tagar da ya shiga ta ita ce: kowace sabar tana da wayoyin shabaka na zahiri fiye da ɗaya. Ya zauna gaban sabar da allo da madannai, ya zare waya ɗaya daga hannun babbar mararraba da rubutaccen umurni, ya gina ƙaramar mararraba a kanta, ya ɗora sabon sarkin gida a kai. Wurin yana da haɗari, domin in ka zare wadda kake tsaye a kanta, kai ma ka yanke kanka. Sannan akwai wata lamba da ke bambanta hanyar shugabanci da hanyar sauran ma'aikata a cikin waya ɗaya. Lambar tana rubuce a wani fayil da ke cikin ɗaya daga kwamfutocin da ba su tashi ba. Kwana biyu yana gwaji, sai ya tuna ya taɓa rubuta ta da biro a bayan murfin wani littafin rasit. Ya same shi a cikin tarin takardun da aka watsar a tsakar gida.

Ko da hanya ta buɗe, da sauran rina a kaba. Na'urorin nan suna kiran juna da suna ne, kuma mai fassara suna zuwa adireshi wata kwamfutar haya ce daban, dole ita ta riga tashi. Suna kuma nuna wa juna takardun shaida masu wa'adi, irin na kati mai ƙarewa, kuma wa'adin wasu ya cika tun suna kwance. Agogon sabar ɗaya ma ya rikice saboda ɗan baturinsa ya mutu. Sai da ya mai da agogo baya zuwa lokacin da aka yi kwafin, ya zuba bayanan, ya sabunta takardun shaidar, sa'an nan ya dawo da agogo daidai. Daga nan sarkin gida ya gane sabobinsa biyu, ya nemi ta ukun bai gan ta ba, aka cire masa ita daga kundi. Bayan komai ya natsu ya mai da wayar da ya zare, kuma a wannan karon ya ware ƙofofin ko-ta-kwana kafin ya tashi daga kujera.

Aikin ya ci kusan wata guda. Kundin ɗalibai ya dawo, amma fayil ɗinsa na cikin akwati ya lalace, sai na Oktoba aka ɗauka. Duk wanda ya biya kuɗi ko aka shigar masa da sakamako tsakanin Oktoba da Disamban 2023, na'ura ba ta san da shi ba. Aka zaunar da magatakarda uku suna sake shigarwa daga rasit da takardun malamai. Wanda takardarsa ta ƙone, kuma bai riƙe nasa rasit ba, sai da ya kawo shaidu.

Me ya shafe mu?

Wani zai ce wannan zancen injiniyoyi ne, me ya kawo shi shafin Hausa? Amsar tana cikin tarihinmu. Kakanninmu sun zo ƙasar nan wasu a hanyar hajji, wasu tare da Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903. Da hannunsu aka yi aikin madatsar Sinnar da aka gama a 1925, da guminsu aka tsinci audugar Jazira. Duk da haka babu Bahaushen ƙasar nan da bai san irin kallon da akan yi masa a gaban tebur ba in ya je neman takardar zama ɗan ƙasa, da yadda akan ce ya kawo ta uba, ya kawo ta kaka, ya kawo dattijon da zai rantse. Tun da aka shigo da raƙam waɗani a 2011, da yawa daga cikinmu sun sha wannan wahala sau ɗaya, sunansu ya shiga na'ura, suka huta. Hutun nan kuwa ya dogara ne ga wani faifai a wani ɗaki. In ya ɓace, maƙwabcinmu zai sake cika takarda ne kawai, mu kuwa za a iya sake tambayarmu daga ina muka zo.

Mun ga alamar haka a 2022, lokacin rikicin Nil Azraƙ na watan Yuli da na Wad al-Mahi a Oktoba, sa'ad da 'yan'uwanmu suka iso Sinnar da Nil Abyad gidajensu sun ƙone da duk takardun da ke ciki. Wanda sunansa ke cikin na'ura ya samu madadin katinsa. Wanda bai shiga ba ya koma farko. Haka kuma da aka zo canjin kuɗi a Disamban 2024, aka ce sai ta asusun banki, asusu kuma sai da lamba. A watan nan dai aka zauna jarrabawar shahadar sakandare ta 'yan 2023, wadda yaƙi ya jinkirta, kuma kowane ɗalibi sai da aka nemi shaidar cewa shi ne shi.

Ra'ayinmu a kan masu mulki da manyan kamfanoni shi ne, kuskuren bai fara da yaƙi ba. Ƙasa mai faɗin Sudan ta tara wayarta da bankinta da rajistar mutanenta a gari ɗaya, har ma a unguwanni kaɗan na garin, alhali Bur Sudan tana nan da wayoyin teku a bakin ƙofarta shekara da shekaru. Masana harkar suna da wata ƙa'ida da suke kira 3-2-1: kwafi uku, a kan abin ajiya iri biyu, ɗaya a wani wuri mai nisa. Cibiyar yaronmu ta cika ƙa'idar a takarda, sai dai wurin mai nisan shi ne ya fara faɗuwa. Da gwamnati ta karɓe Kartum a Maris 2025 aka yi ta zancen komawa, muna fatan kada a sake kwashe komai a mai da shi can a rufe na Bur Sudan.

Mu ma ba mu fita ba. Da muka dawo Suki muka buɗe ofishin makarantarmu, mun tarar da rabin daftarorin sakamako sun zama abin hura wuta. Waɗanda suka tsira su ne na shekaru shida da wata malama ta kai gidanta ta sa a cikin tukunyar ƙasa ta rufe da faranti. Da muka ba yaron namu wannan labari bai yi dariya ba. Ya karɓi wayarmu ya nuna mana yadda za mu ɗauki hoton kowane shafi a fili, da yadda za mu sa wa kowane hoto sunan aji da shekara, domin hoto dubu marar suna ba shi da bambanci da tarin takardun da ya tarar a tsakar gida. Ya ce kuma mu riƙa buɗe kwafin lokaci-lokaci muna dubawa, don shi bai taɓa gwada nasa faifan ba sai ranar da ba shi da wani.

Mun fara da aji shida na 2019, muna yin baya. Malamai huɗu ne ke aikin bayan an tashi, ranakun Litinin da Laraba. Kwafi ɗaya yana ofis, ɗaya yana wurin limamin unguwa, na uku kuma wani ɗan'uwa mai zuwa Kasala sayen kaya yakan kai wa wani tsohon malaminmu da ya zauna can. Iyayen da ke riƙe da takardar sakamakon 'ya'yansu ta shekarun 2010 zuwa 2016, waɗanda daftarorinsu suka ƙone, muna roƙonsu su kawo mana ofis a waɗannan ranaku. Za mu ɗauki hoto mu mai da musu abinsu nan take.